Ba Ruwan Amirka

Warin naman gwangwani ne ya jawo wannan magana. Jikana ya sayo shi a baƙala, wato kantin ƙasan gidanmu a unguwar Utaiƙa ta Riyad, ya zauna yana ci yana haddar darasin tarihi da Larabci, don Hausarsa sai ka tausaya mata. Wai gobe za a tambaye su yadda Amirka ta bar "hiyad" ta shiga yaƙin duniya na biyu. Na ce mene ne hiyad? Ya yi ta lalube, can na gane ba-ruwanmu yake nufi. Na ce ya kai gwangwanin nan waje kafin in yi amai, ya dawo ya ɗauki karatu, domin ni da aka kora daga aji uku wannan babin kaɗai na sauke.

Kakana tsohon soja ne. Faransawa suka ɗebe shi daga ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi, ya dawo yana jan ƙafa ɗaya, da wani gwangwanin naman Amirka da yake zuba garin taba a ciki. Ƙarnin naman bai taɓa barin gwangwanin ba, ya haɗu da taba ya zama wani abu da ba ni da sunansa. Da rani yakan zauna gindin darbejiya ya ba mu labari. Ya ce ana ta binne mutane kamar shuka, Amirkawa na can tsallaken teku suna cewa ba ruwanmu, suna cinikinsu. Sai da aka ƙona musu jiragen ruwa a wani tsibirinsu suka taso da motoci da abinci da takalma.

"Takalmin mai kyau ne," in ji shi, "sai dai da yawan waɗanda muka tafi tare sun riga sun daina tafiya."

Ni da na ji ba ruwanmu, na ɗauka fari ake yi a ƙasarsu. Har na tambayi Kaka ko ba su da rijiya. Ya yi dariya sai da taba ta shaƙe shi.

Duk abin da Kaka ya mallaka shi ne lambun albasa a bakin tafki. Da shi yake ci, da shi yake ciyar da mu. Wata shekara mutanen unguwar gabas, da suka fi mu maza da shanu, suka kewaye tafkin da ƙaya suka ce nasu ne. Albasa ta fara sunkuyar da kai. Kaka ya ja ƙafarsa ya je wurin ɗan wansa, Alhaji, mai rijiyar siminti a cikin gida, wanda in ya yi tari mai gari yakan ji. Ya roƙe shi ya sa baki. Alhaji ya gyara zaman hularsa ya ce shi mutum ne mai son zaman lafiya.

"Baba, ba ruwana."

Ya faɗi haka guga na shiga rijiyarsa tana fitowa. Mu da 'yan gabas duk muna layi a ƙofarsa, kowa da kwanon gero a hannu kafin a ba shi tulu. Na ga Kaka yana bin kunyoyin lambun da buta yana ɗiga wa albasa ruwa kamar mai ba jariri magani. Ganyen ya yi rawaya, ya bushe, in ka taɓa sai ya marmashe. Warin albasar da ta mutu a ƙasa har yau yana hancina.

Sai wata rana shanun 'yan gabas suka ɓalle suka faɗa garkar da ke cikin gidan Alhaji, suka cinye masa dashen mangwaro, suka fasa bakin rijiyar. Mai son zaman lafiya ya fito babu hula. Kafin la'asar ya tara majiya ƙarfi, ya tayar da mai gari daga barci, an janye ƙaya. Maroƙa suka bi shi suna cewa ya ceci gari. Ya taho gindin darbejiya yana jiran godiya. Kaka ya buɗe gwangwaninsa, ya cika leɓe da taba, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ashe ruwan ya zo, Amirka."

Sunan ya bi Alhaji har kabari, 'ya'yansa ma 'yan gidan Amirka ake ce musu. Albasar kuwa ba ta dawo ba. Shekarar nan a gonar mutane uwata ta yi kala.

Jikana ya ce duk wannan ba ya cikin littafi. Na ce to ya leƙa ta taga. Tun makon jiya famfon ɗakunan leburori na ƙasa ya ƙafe, 'yan Damagaram da ke cikinsu na hawa bene da jarkoki suna roƙo cikin wannan zafi na Riyad. Mai gidan, da yake tankinsa daban ne, ya ce "ma li dakhal", wato dai ba ruwana ce ta sa rawani. Yau da safe aka ce nasa famfon ma ya fara tari. Yanzu haka ga motar ruwa can ta toshe layi, shi kuma yana tsaye kusa da ita, ya riƙe ƙugu, yana jira a gode masa.