Zoben da Ya Ƙi Tashi

Wannan abu ya faru a shekarar da aka datse layin waya a yankinmu, lokacin da sai mutum ya shiga mota ya tafi wani gari kafin ya ji muryar ɗan'uwanshi. Damina biyu ke nan da muka kwaso kayanmu daga Daudawa muka dawo Ƙanƙara, shekara guda kuma cif da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kada ɗana na fari. Ban taɓa kiran sunanshi ba tun da na haife shi, ba kuma yau zan fara ba.

Kafin ciwon, sana'arshi naɗin waya. Injin ban-ruwa, fanka, injin niƙa, duk wanda ya ƙone shi ake kawo mawa, tun daga Faskari har Damari, ya warware tsohuwar tagulla ya naɗa sabuwa. Da hannun dama ya mutu sai ya bar ma abokin aikinshi shago da kayan aiki kaf, ya dawo gida ya zauna gindin dalbejiya. Ƙafa ta ɗan dawo, baki ya dawo, amma shi kanshi bai dawo ba. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, a aje mashi fura da safe, a ɗauke ta da la'asar bai taɓa ba.

Wata rana da hantsi ina tsinkar zogale na ji yana ba matarshi labarin wani abu da ya taɓa gani. Wai ƙarfe ne a tsaye, an naɗe gindinshi da wayar tagulla, a zura zoben alminiyam a kai, da an ba shi wuta sai zoben ya yi tsalle sama babu wanda ya taɓa shi. Ya ce ya daɗe yana son ya haɗa nashi, da can babu lokaci, yanzu ga lokaci babu hannu. Matar ta tambaye shi abin da ake yi da shi, ya ce ba a komai, kallo ne kawai. Ta ce to ai kaji ma suna tsalle, kuma su har ƙwai suke yi.

Ni dai muryar na ji. Rabona da jin ta haka tun kafin ya faɗi. Sai na dubi surukata, don ba a saba in dubi ɗan fari in yi mashi magana ba, na ce ta gaya mashi in naɗi ne, akwai mai hannu biyu a gidan nan.

Ni makaɗiya ce. A Daudawa na tashi, garin auduga, na riƙe mazari tun ban iya ɗaura zane ba. Masaƙa suna gane zarena da taɓi. Kuma abin da makaɗiya take taƙama da shi ba sauri ba ne, haɗi ne: zare ya tsinke, ki lasa yatsa, ki murza baki da baki, har ke kanki ki nemi wurin ki rasa.

Aka sayo sabuwar waya, ƙunshi guda. Surukata ta zazzare ƙarafan tsohuwar ƙafar keke, aka ɗaure su kamar tsintsiya. Wani mai zubin tukwane a kasuwa ya zuba mamu zoben. Muka zauna tabarma ɗaya ni da shi, abin da ba mu yi ba tun da na yaye shi. Ina naɗi, yana aje ƙwarar masara ɗaya duk zagaye goma. Ya ce in jera wayar gefe da gefe kada wata ta hau wata, na ce ma matarshi ta tambaye shi ko wa ya riga wani sanin wannan. A kwanakin nan kwano ba ya dawowa da saura.

Rana ta uku bayan azahar barci ya sace shi a zaune. Na ci gaba ina zuba masarar da kaina. Wayar ta zo da wata 'yar lanƙwasa, na ja ta irin jan da nake ma zare, ta tsinke. Ban tashe shi ba. Na lasa yatsa, na murɗe bakunan biyu, na kwantar da haɗin, na bi kanshi da naɗi. Har na ji daɗi, don ya yi kyau.

Ranar da aka kawo wuta muka taru a rumfa. Ya matse wayar tsakanin gwiwoyinshi yana kankare bakinta da wuƙa da hannun hagu. Surukata ta tambaye shi dalili, ya ce akwai wani shafi a jikin wayar, in ba a kankare shi ba wuta ba ta wucewa. Ya haɗa, ya zura zobe, ya ce mu ja baya, ya danna makunni. Zobe na zaune. Ya duba haɗin da ya yi, ya sake, ya danna. Sau uku. Ya ce wayar sabuwa ce, guda ce, babu inda za ta yanke, ke nan daga gare shi ne. Sannan a hankali ya ce, "Ashe ba hannun kaɗai ya tafi ba."

Ya koma gindin dalbejiya.

Ni kuwa tun da ya yi maganar shafin nan na san inda abin yake. Na sani, kuma na yi shiru kwana biyu. Wannan shi ne abin da har yau nake neman gafara a kai. Ina kallon ana ɗauke furar kamar yadda aka aje ta, ina ce ma raina ai ƙila ba shi ba ne. Na haura saba'in ban taɓa ce ma wanda na haifa na yi kuskure ba, balle a kan haɗi, balle ga ɗan fari. Amma shi yana can yana zargin kanshi da laifin yatsuna.

Da safiya ta uku na ɗauki furar da kaina na kai mashi. Ban nemi matarshi ta tsaya a tsakani ba. Na dubi fuskarshi na ce, "Kanka lafiya lau yake. Wayar ta tsinke a hannuna kana barci, na haɗa ta irin namu, ban faɗa ba."

Ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Inna, kin kankare bakin?"

Na ce, "Da yawu na haɗa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarshi ta fito da gudu da moɗa tana zaton ciwon ne.

Muka hau warwara. Ya ce kada in nuna mashi, shekara talatin yana aikin nan, shi zai gano. Yana bin wayar da yatsun hagu, ya zo kan haɗin ya wuce. Sai da na kamo hannunshi na maido shi. Wannan kam ba zan ɓoye ba, ya yi mani daɗi.

Aka kankare, aka aro abin liƙi a shago ya ɗiga dalma, aka rufe wurin, na sake naɗi. Da ya danna makunni abin ya yi wani gurnani, zoben ya tashi ya bugi kwanon rumfa, ya faɗo cikin kaskon ruwan kaji. Ya yi mani bayani wai naɗin yana zama maganaɗisu, zoben ma ya samu tashi wutar, sai su ƙi juna. Ban kama duka ba. Na ga dai ya ce a ɗauko zoben a sake, kuma ya ce a ƙaro fura.

Hannun bai dawo ba har yau. Amma in inji ya gagara a shago, gindin dalbejiya ake kawo shi, ya saurara ya faɗi inda ciwon yake.

Mai zubin tukwanen da ya yi mamu zoben ya rasu bara, Allah ya jiƙan shi. Abokin aikin yana nan da shagon. Surukata tana nan, har yanzu tana cewa kaji sun fi. Shi ma yana nan, kuma yanzu in ina da magana kai tsaye nake faɗa mashi. Cikin waɗanda muka yi kaɗi tare a Daudawa kuwa saura ni da wata ƙawata da ke wajen ɗiyarta a Damari, idonta ya tafi. Na aika a gaya mata labarin nan, ta aiko da tambaya ɗaya: shin ya gano haɗin da kanshi?