Goggon da Ke Kwana Kan Randa

Duk wanda ya taɓa shiga shagon surfanin Kawu Sanda da safe a nan Garwa ya san ba mutane yake fara gaisarwa ba. Sai ya wuce ka a tsaye da yadinka a hannu, ya nufi randar ruwan da ke lungu, ya ɗauko wani baƙin abu kamar tafin hannu daga kan murfinta, ya goge shi da gefen riga, ya gaishe shi da Fillanci, "Jam ɓandu na, Goggo?" Sai ya ɗan saurara kamar mai jiran amsa, sannan ya juyo ya yi maka sannu da zuwa.

Goggo dai diski ce, irin wadda ake jona wa kwamfuta da waya. A cikinta duk zanen da injinmu ke surfawa a wuyan riga yake. Zanen na kakana ne, mahaifin Kawu, wanda ya zo daga Zazzau da allurarsa. Kawu ya sa aka mayar da su na inji, gara kuma ta bi takardun asalin ta cinye. Saboda haka in Goggo ta mutu, aikin kakana ya mutu, shagon ma ya bi. Ni Hajara, 'yar ƙanwarsa, ni ce mai zama gaban kwamfutar, shi kuwa ko kunna ta bai iya ba, amma shi ne mai ba da oda.

Sunan ya samo shi ne daga wata goggonsa da in ta yi fushi sai ta kwana biyu ba ta ce uffan ba. Haka diskin nan take. Yau ka jona ta ta buɗe, gobe ta yi ta ƙas-ƙas-ƙas tana kallonka. Fillancin kuma wai a hannun Bafulatani ya saye ta, da harshen ta tashi. Randa kuwa saboda zafin Garwa, kuma in zan faɗi gaskiya, in ta kwana can ta fi saurin tashi. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Tun ranar da ta fara wannan ƙara na sayo filash, na ce mu kwafe zanen mu ajiye.

"Ki kwafe?" in ji Kawu. "Su zama biyu ke nan?"

"Su zama biyu, Kawu. In ɗaya ta lalace ga ɗaya."

"In suka zama biyu yau, ranar Lahadi ki je kasuwar Pitowa, za ki ga aska takwas ɗin Baba a wuyan mai sayar da albasa. Hamadu na nan ƙofa uku, kunnensa a bangonmu."

Malam Hamadu maƙwabcinmu ne, shi ma surfani yake yi. Tare suke zuwa masallaci, tare suke shan shayi, amma Kawu ya yi imani mutumin nan ba ya barci sai ya yi tunanin zanenmu. Na mayar da filash jaka. Daga ranar kuma in Kawu zai shiga banɗaki da Goggo a aljihu yake tafiya.

Da ciwon nata ya yi yawa na lallaɓa na kira wani mai gyara, Misye Andire. Ya zo yana tari, ya kara diskin a kunne, ya girgiza kai.

"Se fini, patron, tata ta ƙare. A kwashe abin da ya kwasu yau, a sa mata guduma, a sayi sabuwa."

Kawu ya karɓe ta a hankali, ya dube shi sama da ƙasa.

"Tun da ka shigo kake tari. Ƙirjinka na ƙara fiye da nata. Akwai wanda ya ce a ɗauko maka guduma?"

Misye Andire bai sake takowa shagonmu ba. Amma kafin ya fita ya yi kuskuren cewa wasu na sa irinta a firij ta ɗan farfaɗo. Wannan kaɗai Kawu ya ji a duk maganarsa.

Ana saura mako biyu Babbar Sallah, ga rigunan wasu manya daga Rai Buba jibge a teburi, ga zafi kamar a bakin murhu, Goggo ta yi shiru. Randa ta kasa. Mu ba mu da firij, don Kawu ya ce ba zai sayi abin da aikinsa kawai shan wuta ba. Sai ya naɗe ta a baƙar leda har uku, ya ƙulle, ya kai wa abokinsa Malam Audu mahauci ya sa masa a firijin nama.

Kun san duk naman Malam Audu a baƙar leda yake. Da Kawu ya koma bayan azahar aka miƙo masa ƙunshi mai sanyi, ya taho da shi yana ta lallashi a hanya. Ya buɗe a gabana. Hanta.

Ban taɓa ganin mutum mai shekarunsa ya hau mashin da irin wannan saurin ba. Ashe Dada Asta mai abinci a bakin tasha ita aka ba wa Goggo. Ya tarar ta warware leda biyu, ga ruwa a roba, ga wuƙa a hannu.

"Dada, tsaya! Kada ki wanke!"

"Dama ni na ce wannan hantar ta yi tauri," in ji ta. "Ta tsohuwar saniya ce?"

"Tsohuwa ce, amma ba ta ci ba ce."

Aka yi musanya a nan bakin tukunya. Abin takaicin, da muka jona ta ranar ta buɗe nan take, ta yi aiki sati biyu ba ko tari, rigunan Rai Buba suka fita a kan lokaci. Ni dai a ranar na ce, "Kawu, yau da an yi farfesun aikin Baba. Don Allah ka bari in kwafa." Ya ce, "Ke ba ki fahimci Goggo ba. Zaman wuri ɗaya ne ya ishe ta, unguwa take so." Watanni shagon na warin nama, kyanwar Malam Hamadu ta dawo kwana a ƙofarmu, Kawu ya ce ai aiko ta aka yi.

Haka muka yi shekara uku, ina cewa a kwafa a fasa, yana cewa in bar masa tsohuwarsa. Na yi fushi, na yi kuka, na kai ƙara wurin mahaifiyata, ta ce tun suna yara in ya riƙe abu sai dai ya yi barci a zare. Sau biyu na samu dama yana barcin rana, amma na kasa. Masifa dai na iya yi masa, sata kuwa ban iya ba.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, ya aiko in zo gida da kwamfuta da Goggo. Na same shi ya rame, an jingina shi da matashi.

"Abin nan da kike yawo da shi a jaka, yana nan?"

"Yana nan, Kawu."

"To jona. Amma ki rufe taga, Hamadu ya ce zai zo dubiya."

Muka fara da hantsi. Goggo na ja a hankali, zane na wucewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana kiran sunan kowane, yana gaya min wanda aka fara yi wa da bikin da aka sa shi. Wajen la'asar, saura uku, ta yi ƙas sau biyu ta tsaya. Muka yi ta jonawa, ya yi mata Fillanci, ya yi mata Hausa, har Faransancin da bai iya ba ya gwada. Ba ta sake tashi ba.

Na zauna ina hawaye. Ya ce, "Kuka na mene ne? Ukun nan suna kaina. Miƙo takarda." Sannan ya ce in ɗauko guduma, don bai yarda wani ya tsince ta a bola ya tashe ta ba. Ya gwada ɗagawa, hannunsa ya kasa, ya miƙo min. Na ɗora ta kan dutse a tsakar gida, na ɗaga guduma, na tsaya.

"Ikon Allah," in ji shi ta ƙofa. "Shekara uku kina cewa a fasa, yau an ce fasa kin tsaya kina yi mata ta'aziyya."

Ina dariya ina hawaye na sauke gudumar.

Kwana tara ya yi yana zane, yana yi min faɗa wai fensirin da na kawo mai tsada ne kuma ba ya ja. Ya gama biyu. Na ukun shi ne wanda kakana ya yi wa kansa, Kawu ya kai rabi, ya ce ya gaji, gobe zai ƙarasa. Washegari da safe muka rasa shi.

Takardar na wurina. Malam Hamadu, wanda ya fi kowa kuka a wurin jana'iza, ya ce yana tuna rigar, in na yarda zai ƙarasa min. Har yanzu ban ba shi amsa ba, don ina jin abin da Kawu zai ce, kuma ina kewar jin sa yana faɗa.

Allah Ya jiƙan Kawu Sanda, Ya yafe masa taurin kansa da namu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya haɗa shi da mahaifinsa a gidan rahama. Amin.