Hawainiya Mai Jan Goɗiya

Hawainiya ba sunan yanka ba ne, ma'aikatan cibiyar ne suka laƙaba masa saboda tafiyarsa, shi kuwa ko a jikinsa. A ganinsa duk mai sauri a gaban doki jahili ne, kuma ya daɗe da gane cewa jahilai sun fi yawa a duniya. Shekarunsa sittin da 'yan kai, gajere ne mai faɗin kafaɗa, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata. Aikinsa guda ne: ya riƙe ragamar wata tsohuwar goɗiya da ake kira Kaka, ya zagaya da ita wani fili mai yashi a bayan cibiyar gashin ƙashi ta yara, da yaro a bayanta, minti ashirin, a sauke wannan a ɗora wancan.

A barga ya buɗi ido. Ubansa mai keken doki ne, shi kuma tun yana saurayi ya kama aiki a filin sukuwa. Shekara ashirin da biyu yana wanke dawakan masu hannu da shuni, yana gyara musu kofato, yana kallon iyayen gidansa suna ɗaga kofin nasara da hannun da bai taɓa kwashe kashin doki ba. Ranar da wani ingarma ya harbe shi a gwiwa, sai da aka fara duba ƙafar dokin tukuna, sannan aka nema masa mota. Bayan wata uku ya dawo yana ɗingishi, ya tarar an ba wani gurbinsa.

Da wata likitar gashin ƙashi ta neme shi ya zo ya riƙa jan doki da yara marasa lafiya, tsaki ya yi. Matarsa kuwa har da riƙe ciki don dariya. "Malam, daga sukuwa ka koma raino? To Allah ya sa albarka, bari in nemo maka zanen goyo." Ya tafi ne kawai don tukunya ba ta dafa girman kai.

Yaran da ake kawowa ƙwaƙwalwarsu ce ta samu rauni wajen haihuwa, sai jikin ya ƙi jin maganar mai shi. Wani wuyansa ba ya tsayawa, wani ƙafafunsa sun sandare sun harɗe kamar almakashi. Likita ta yi masa bayani sau ɗaya: tafiyar doki tana juya ƙugun yaro yadda tafiyar mutum ke juya shi, gaba da baya da gefe, sai jiki ya koyi abin da ƙafa ba ta taɓa koya masa ba. Ba a sa sirdi, sai siririn bargo guda, don ɗumin dokin ya ratsa cinyoyin yaro su saki. Hawainiya ya ce a ransa, masu takarda ba su rasa abin faɗa. Amma idonsa bai iya ƙarya ba, cikin wata biyu ya ga abin da kansa.

Ya kuma ga wani abin da Likita da duk karatunta ba ta gani ba. Kaka tana kwaikwayon takun mai jan ta. In ya ɗingisa sai ta gajarta takun hagu, yaron da ke bayanta ya karkace. Bai gaya wa kowa ba. Ya kai takalminsa wurin mai gyara aka ƙara masa roba a diddige, ya yi sati uku yana zagaya tsakar gidansa da kofin ruwa a ka, matarsa tana leƙe ta taga tana cewa tsufa ya zo da gardama. Daga nan takunsa ya daidaita, ya zama wannan tafiyar da marasa aikin yi suke wa dariya.

Cikin yaran akwai Auta, 'yar shekara bakwai, uwarta tela ce. Ranar da aka fara kawo ta sai da mutum biyu suka taru kafin gwiwoyinta su rabu, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Bayan wata goma sha ɗaya a bayan Kaka, uwar ta zo wata safiya tana murmushi, ta rage murya ta ce, "Baba, jiya ni kaɗai na yi mata wanka na sa mata wando. Ba wanda ya riƙe min ƙafa." Hawainiya ya ce, "To, madalla," ya juya yana gyara ragamar da ba abin da ya same ta. Daɗi ne ya cika shi, kuma ba ya son a gani. Likita ta ce muddin aka ci gaba a kan goɗiyar nan, ƙafafun za su ci gaba da saki. In aka tsaya, za su koma gidan jiya.

Ana nan sai aka kawo sabon Manaja, wani mai ƙamshin turare da bai taɓa shafa wuyan doki ba. Ranar farko ya zo barga da hankici a hanci, ya dubi Kaka, bayanta ya ɗan lotsa, leɓenta na ƙasa a sake, ya ce, "Baba, wannan jakar ce maganin namu?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Wa zai ba mu tallafi in ya ga wannan?"

Ba a yi wata ba ya samo wani ɗan kwangila mai neman suna, wanda ya ba cibiyar kyautar dokin sukuwa da ya gama cin zamaninsa. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, sunansa Walƙiya. Kyan ɗan maciji ke nan. Ɗakin doki kuwa ɗaya ne a cibiyar, dole ɗayansu ya tafi. Manaja ya ce za a yi taron miƙa kyauta, a ɗora yaro a kan Walƙiya a gaban baƙi, in ya zauna lafiya an gama da maganar Kaka.

Hawainiya ya same shi a ofis, ya cire hula. "Ranka ya daɗe, na yi shekara ashirin da biyu da irin waɗannan. Dokin sukuwa bai iya tafiya ba, rawa yake yi. Takunsa gajere ne, bayansa a ɗaure. Yaran nan in aka girgiza su ƙara ɗaurewa suke yi."

Manaja ya yi dariya. "Haba Baba, babbar mota ai ta fi ƙarama, haka ma doki. Kai dai ka ja, mu za mu yi tunanin."

Likita ma ta yi magana, sau ɗaya, a hankali. Aka tuna mata cewa takardar aikinta ta shekara ɗaya ce, sai ta gano tana da aiki da yawa a ɗakin gashi.

Ranar taro aka kafa rumfa a bakin filin, aka jera kujeru, aka kawo lasifika. Aka ɗaura wa Walƙiya sabon sirdin fata mai faɗi har da likkafa, don bargo, in ji Manaja, ba ya kyau a hoto. Auta Manaja ya zaɓa, saboda ita ce mai fara'a. Uwar ta dubi Hawainiya, ta dubi Manaja, ta tuna yara nawa ke jiran gurbin 'yarta, ta miƙa ta.

Da ƙyar aka raba gwiwoyin suka hau faɗin sirdin. Hawainiya ya riƙe ragama gam, yana yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa, ya fara takawa. Taku biyar suka yi lasifika ta yi ƙara. Walƙiya ya zabura, ya shiga taka rawarsa a wuri ɗaya. Auta ta firgita, jikinta ya yi abin da ya saba yi in ya firgita: bayanta ya sandare ƙiƙam, kanta ya ja baya, hannayenta suka miƙe, cinyoyinta suka matse sirdin, leɓunanta suka ja haƙora suka fito.

Wani daga cikin rumfa ya yi ihu, "Ta miƙe! Wallahi ta zauna da kanta!"

"Ku duba, dariya take yi!"

Tafi ya ɓarke. Suna tafawa tana ƙara sandarewa, tana ƙara sandarewa suna ƙara tafawa. Matar ɗan kwangila ta ciro hankici tana share hawaye. Manyan mutane da tabarau da agogo, suna yi wa rogo kallon kitse, ba wanda ya san bambancin yaron da ya zauna da yaron da azaba ta ƙame. Mutum uku ne a wurin suka sani. Likita ta sunkuyar da kai tana duba wayarta. Uwar ta cusa bakin mayafi a baki.

Hawainiya ya tsayar da dokin, ya naɗe ragamar a damtse, ya sunkuci yarinyar ya sauke ta. A hannunsa kamar katako take.

Manaja ya matso yana murmushi don baƙi, yana magana ta cikin haƙora. "Baba, ba mu gama hoto ba."

"Kun gama," in ji Hawainiya, da ƙarfi yadda 'yan layin gaba za su ji. "Ko so kuke ta karye tukuna ku tafa da kyau?"

Sun gama ɗin kuwa, mai hoto ya riga ya samu abin da yake so. Aka ba Hawainiya hutun dole na sati biyu saboda rashin ladabi. Da ya dawo, hoton Auta ne ya tarbe shi a bangon ƙofar shiga, ƙato, tana ƙame a kan baƙin doki. Ɗakin Kaka kuwa Walƙiya ne a ciki. An ba wani mai buga bulo ita, kuma ba wanda ya damu ya tambayi inda yake.

Sati guda ya yi yana bin masu keken doki da tambaya kafin ya same ta a wani fili a bayan gari, tana jan kaya. Igiya ta ci kafaɗunta, bayanta ya saluɓe, ƙudaje sun rufe wurin. Ta gane shi, ta ɗora hanci a ƙirjinsa. Ya roƙi mai bulo ya kwance ta, ya ja ta taku goma. Takun ya gajarce, tana ɗaga baya tana kaffa-kaffa da ciwon. Ko bargo ba za ta ɗauka ba, balle yaro. Ya mayar da ragamar ga mai ita, ya kama hanyar gida.

Washegari da safe ya tarar da telar a bakin ƙofar cibiya, Auta a goye, ƙafafun a harɗe suna leƙowa ta ƙasan zane.

"Baba, an ce ka same ta. Ko da nisa ne mu je, zan goya ta."

"Na same ta, 'yata. Ba ta ɗaukar kowa yanzu."

Kafin ta sake magana aka turo tagar ofis, Manaja ya leƙo. "A'a, yarinyar hoton ce? Madalla! Baba, ɗaura wa Walƙiya sirdi, akwai baƙi a hanya."

Hawainiya ya ce da uwar, "Kada ki kwance ta. Tafi da ita gida."

"Za su cire sunanta, Baba. In suka cire, har gashin da Likita ke yi mata a ɗaki ta rasa. Ina zan kai ta?"

Yana kallo ta sunkuya ta fara warware zanen. Ya so ya jefar da hularsa a ƙofar ofishin ya kama hanya, kuma ya san abin da zai biyo baya: kafin azahar Manaja zai miƙa ragamar ga maigadi ko direba, wani mai sauri. Duk rainin da ya yi shekara da shekaru yana raba wa mutane, yau ya ji ya isa har kansa. Ya tofar da yawu a yashi, ya nufi inda sirdin yake rataye.