Bayan da Ungulu Ta Bar Kwata

Karen da ya ciji Inna ba na kowa ba ne. Ja ne, ramamme, kunnensa ɗaya a yage, kuma duk mai zuwa kwatar Ƙaura a lokacin ya san shi da gani. Da hantsi ne. Tana tsugune bakin magudana tana wanke tumbi, ya zo ta baya ko haushi bai yi ba, ya kafa mata haƙora a sha-raɓa. Ina can gefe ina babbake ƙafafun saniya, sai na ji faɗuwar kwano. Ko da na waiga, jini na bin diddigenta, ita kuwa ta duƙa tana tsince tumbin daga ƙasa, wai kada ya kwashi yashi.

Sana'ar Inna ke nan tun kafin a haife ni. Babanmu mahauci ne, da ya rasu sai ta riƙe mu da tukunyar farfesun kayan ciki da kai da ƙafa, tana sayarwa a tasha, inda direbobin Shinkafi da Zurmi ke lodi. Ni kuma da aurena ya mutu na dawo gida na kama mata. A kwata na yi wayo, don haka abin da zan faɗa ba a makaranta na ji shi ba.

Lokacin da nake yarinya akwai wani ƙaton maɗaci a bayan kwatar, kuma ungulaye ne suka mallake shi. Tun kafin a kayar da sa na farko suna jere a kan rassa, sun noƙe wuya, suna jira. Inna ba ta da abokan faɗa kamarsu. Ka ɗan juya baya, ɗaya ta ja hanji daga cikin daro ta yi tsalle gefe tana kallon ka. Kullum sai ta zage su, ɓarayi masu sanƙo, marasa kunya. Amma kuma kullum kafin ta soma wanki sai ta tattara tarkacen da ba ya shiga tukunya ta watsa musu can bakin bola, ta ce wannan rabon masu gida ne. Na taɓa tambayar ta yadda za a yi ta zagi mutum kuma ta ciyar da shi. Ta ce ai ni ma haka take yi da ni.

Kafin azahar wurin ya zama fes. Abin da ungulu ta bari hankaka ya tsince, shirwa ta fauci nata a sama, balbelu na bin magudana suna cin tsutsa da ƙuda. Dattin da ake zazzagewa daga cikin tumbi kuwa masu lambu ke zuwa da jakuna su kwashe, su kai fadama, daga baya albasa da tattasai su dawo tukunyar Inna. Karnuka kan leƙo da yamma, su shinshina, su tarar ba komai, su kama gabansu. Ba wanda ya tsara wannan, ba kuma wanda ya taɓa gode wa wani. Mun ɗauka haka kwata take.

Sai wasu baƙi suka fara zuwa da buhuna. Su sayi ragowar nama, su barbaɗa masa wani gari, su ajiye a gindin maɗaci. Ungulu ta ci, ta yi tangaɗi, ta faɗi. Kawunan suke so, wai ana haɗa magani da su a wasu garuruwa. Na ga tsuntsaye zube a ƙasa ba kai, mahauta na wucewa suna dariya, wa zai yi wa ungulu kuka? Kawuna, ƙanen Inna, wanda ya gaji wuƙar babanmu, har nuna wa baƙin yake inda suka fi sauka. Daga baya aka sare maɗacin aka yi shaguna a wurin. Ba zan iya faɗin ranar da na yi wa ungulu ganin ƙarshe a Ƙaura ba. Na dai wayi gari wata rana Inna na wanki ba ta zagin kowa.

Illar rashin ungulu ba ta tashi nuna kanta ba sai da daji ya lalace. Ƙauyuka ta wajen Birnin Tsaba da Jangeru suka riƙa watsewa saboda 'yan bindiga, mutane na kwararowa gari da 'yan awakinsu da shanu, suna sayarwa da gaggawa kafin a ƙwace. Yanka ya ƙaru. Masu lambu suka daina zuwa fadamar nesa, datti ya taru ya yi tudu. Wari kuwa, ko a tasha kana jin sa idan iska ta juyo. Sannan ga karnuka. Na mafarauta da na makiyaya, waɗanda masu su suka gudu suka bari, duk suka biyo warin. Suka tarar da abincin da ba mai taya su ci, suka zauna, suka haihu a ƙarƙashin kwalbati. Dā karen kwata idan ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse ya ruga. Waɗannan sai su tsaya suna duban ka.

Ranar cizon, Kawu da sauran mahauta suka bi karen da sanduna suka kashe shi a bayan shaguna. Na je na gani. Bakinsa na ta dalala, kuma an ce tun jiya yake cizon ƙafar teburi da 'yan'uwansa. Na san mahaukacin kare ne. Kawu ya yanko gashin wutsiyarsa, ya ƙona a wutar babbaka, ya danna tokar cikin ciwon.

“Yaya, kwantar da hankalinki,” ya ce wa Inna. “Gashinai shi ne magani. Haka munka ishe iyaye na yi.”

Na ce asibiti za mu.

“Ke, bari wagga hayaniya,” in ji Inna. “Tukunya na bisa wuta.”

Na sauke tukunyar da hannuna, na tare mai babur, na ɗora ta tana mita. A asibiti wata ma'aikaciya mai haƙuri ta wanke tokar da sabulu, ta daɗe tana wankewa, ta yi mata allura. Inna ta miƙe tana gyara zane, a ganinta an gama. Matar ta riƙe hannuna.

“Wagga da niy yi mata ba ta cizon kare ba ce. Waccan sai cikin sanyi aka aje ta, mu ko ba mu da wuta. Ku tahi Gusau, yau ko gobe. Kuma ba guda ɗai aka yi ba, sai an yi ta komawa. Kada ku yi wasa da shi.”

A makon nan ne aka tare hanya aka kwashi mutane, direbobi suka ajiye motoci. Kowace safiya ina tasha. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna shan romon Inna, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na roƙa, na yi kuka, har na durƙusa wa wani da na girme shi. Kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce ko uwarsa ce ba zai fita ba sai an ga jami'an tsaro a hanya. Ban ga laifinsu ba, amma na tsane su a ranakun nan, tsana ta gaske.

Ko da hanya ta buɗe, ciwon ya kame ya soma ɓawo. Na shirya mata kaya, ta ce ba inda za ta.

“An yi mani allura, an sa gashi, ciwo ya warke. In tahi in miƙa ma ɓarayin daji kaina sabadda kare? In sunka kama ni, mi kuka da shi da za ku hisshe ni? Gidan ga za ku saida?”

Ba maganar banza ta yi ba, shi ya sa ta fi ƙona mini rai. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba tun da na zo duniya. Na ce taurin kanta zai kashe ta ya bar ni. Ta dube ni ta ce in na gama in miƙo mata gishiri. Na je wurin Kawu don ya sa baki, sai ya ce in bar tayar wa tsohuwa da hankali, shi kare nawa ya cije shi, ga shi nan garau.

Da na rasa yadda zan yi, na sami wani direba ya yarda zai sayo allurar a Gusau ya kawo. Na ba shi kular da muke zuba kunu, na cika ta da ƙanƙara. Aka tsare su a shingen bincike wuni guda cikin rana. Da ya iso na buɗe kular, kwalbar na yawo cikin ruwa mai ɗumi. Ma'aikaciyar ta juya ta a hannu, ta ce ba ta da tabbas ko da sauran amfani, amma ta yi wa Inna, don na ƙi sakin rigarta. Ta biyu ba ta samu ba. Direban ya daina bin hanyar, Inna kuma ta rantse ba mai ƙara huda ta.

Damina ta wuce, aka yanke gero. Inna na ta aikinta, tana faɗa da masu cewa romo ya yi ruwa. Tabon ya zama ɗan baƙi kawai. Har na fara jin kunyar rigimar da na yi, ita kuwa ta samu abin tsokana, duk wanda ya zauna cin abinci sai ta nuna ni ta ce ga likitar gidansu. Na yi dariya tare da su. Allah ya sani na so a ce ni ce wawuya.

Wata safiya na ga tana sosa tabon. Ta ce ƙaiƙayi yake, kamar tururuwa na tafiya a ciki. Washegari zazzaɓi. Muka ce na sauro ne, aka sayo magani. Rana ta gaba da aka kira azahar ta jawo buta za ta yi alwala. Ta karkata ta, ruwa ya zubo a tafin hannunta, sai na ga wuyanta ya shaƙe, ta yi baya ta bugi bango, idanunta waje. Butar ta kife.

“Ɗauke shi,” ta ce da ƙyar. “Ɗauke ruwan ga.”

Matar da ta yi rayuwarta hannu cikin ruwa, har fatar yatsunta ta yi fari ta tattare. Na ɗauke butar na kai bayan ɗaki, na tsaya can na toshe bakina da zane. Da na dawo na same ta ta dafa bangon ƙasa tana taimama, ta yi sallarta a zaune.

Mun koma asibiti. Ma'aikaciyar ba ta ɓoye mini ba, ta fitar da ni waje ta ce in ya kai nan ba magani, ba a Gusau ba, ba a ko'ina ba. Ta ba da abin da zai riƙa sa ta barci, ta ce in kula da yawunta, in sa safar hannu. Na ce a gwada wani abu, ko mene ne. Ta ce in yi haƙuri. Na dawo da Inna gida don ita ta ce a kai ta ɗakinta.

Kawu ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa yana cewa ƙaddara ce. Na ce na yarda da ƙaddara, Kawu, amma da ungulu na nan me kare zai samu a kwata har ya zauna? Wa ya nuna wa baƙi gindin maɗaci? Na san ba shi kaɗai ba ne, duk garin ne ya tsaya yana kallo, amma shi ne a gabana, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hankalinta bai gushe ba sai can ƙarshe. Tana jin ƙishirwa, tana faɗa. Leɓɓanta suka tsage. Ta ce in ba ta ruwa, in na kawo ta ture ta kama kakari. Na rufe randa da tabarma. Na koma wanke-wanke a maƙwabta, don ko ƙarar zubar ruwa ta ji sai jikinta ya ɗauki rawa. Dabarar da na samu ita ce in jiƙa tsumma a waje, in ɓoye shi a bayana, in ce ta rufe ido, in dangwala mata a baki. Wani lokaci ya yiwu, wani lokaci ko iskar motsina ta ishe ta. Sau ɗaya ta buɗe ido ta ce, “Kin wahala, likita.” Wannan karon ba tsokana ba ce.

Ta cika da hantsi, kusan lokacin da muke isa kwata. Tsofaffin unguwa biyu suka zo yi mata wanka, suka sa safar hannu kamar yadda aka ce, suka nemi wanda zai riƙa zuba ruwa. Na ce ni ce. Na cika butar nan tata, na durƙusa a gefen kanta. Sai hannuna ya ƙi karkata. Ɗaya tsohuwar ta ce, “Zuba, ɗiyata.” Na matsa kusa da kunnen Inna na ce ta rufe ido, ga ruwa nan zuwa. Na zuba kaɗan-kaɗan a goshinta, ina jiran ta zabura. Ruwan ya gangara ta gefen hancinta ya shiga tsagar leɓɓanta, ta kwanta shiru ta bar shi.