Layin da Babu Shi a Rajista

Kunne ake ce masa a kamfanin tarho, kuma cikin shekara talatin da ɗaya da ya yi a can babu wanda ya damu da tambayar sunansa na yanka. Aiki ne ya ba shi sunan. In layi ya lalace, sai ya maƙala wayar gwajinsa, ya runtse ido, ya saurara, ya ce ruwa ne ya shiga a falwaya ta bakwai, ko ɓera ya ci waya bayan makaranta. A je a duba, a tarar haka ne. Wannan baiwa ita ta ɓata masa hali, don mutumin da aka shekara talatin ana ce masa “gaskiyarka” ba ya ƙara jin ta kowa. Gajere ne mai kaurin wuya, ga baki kamar reza. Ana ganin girmansa a kamfanin, amma ban da ƙauna, kuma shi bai nema ba.

Wurin aikinsa ɗakin layuka ne, wani dogon ɗaki a ƙasan bene, ba taga, kullum warin dalma da tsohuwar roba. Wani shingen ƙarfe ya tashi daga ƙasa har rufi, dubban siraran wayoyin jan ƙarfe sun nannaɗe shi. Kowane biyu layi ɗaya ne, na wani gida ko kanti ko asibiti. A kusurwa akwai teburinsa, da buta, da wata baƙar tarho. Dokarsa ɗaya ce a ɗakin, ba a yanke waya sai an saurare ta. Ya taɓa buge hannun wani manaja da filaya a kan haka, aka kai ƙararsa sama, ya je ya dawo bai ba da haƙuri ba.

Baƙar tarhon nan kuwa sirri ce. Kunne yana da yaya mace wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Shekara tara da suka wuce idanunta suka tafi, hannunta kuma ya fara rawa. An saya mata wayar hannu har sau uku, ɗaya ta faɗa bokiti, biyu ta kasa latsa su. Ɗanta direban babbar mota ne, matarsa tun safe take fita aiki, tsohuwar takan wuni ita kaɗai. Sai Kunne ya zaɓi wani layi da aka daina amfani da shi, ya ja shi har ɗakinta, ya haɗa shi ta bayan shingen yadda da ta ɗaga kan tarho, ba sai ta latsa komai ba, ta teburinsa za ta yi ƙara. Bai rubuta a rajista ba, bai gaya wa kowa ba. Laifi ne da ake korar mutum a kansa, shi kuma saura wata takwas ya yi ritaya. Layin ya taɓa ceton ta, ranar da ta zame a bakin banɗaki ta ja jiki ta lalubo tarhon.

Amma a faɗi gaskiya, layin ya rage masa zumunci. Da farko duk mako yana leƙa ta. Daga baya ya koma wata-wata. Da tafiya ta yi tafiya sai ya ga tun da kullum suna gaisawa, me za a je a yi? Shekara biyu ke nan bai taka gidan ba, alhali tafiyar minti ashirin ce a kan babur.

Ana nan sai kamfani ya ce za a mayar da duk layuka kan intanet. Za a riƙa daddatsa murya ana aika ta kamar saƙo, kowane gida a ba shi ɗan akwati ya soka tarhonsa a ciki, a kashe tsohuwar na’ura, a kwashe jan ƙarfen gaba ɗaya. Aka turo wata injiniya ta jagoranci aikin, doguwa mai tabarau, sa’ar ’yarsa ta biyu. Tun ranar da ta shigo ɗakin da kwamfuta a hannu jininsu bai haɗu ba.

“Ina kwana, Baba. An ce kai ne ka san ɗakin nan ciki da bai.”

“An ce. Ke kuma an ce ke ce za ki rushe shi.”

“Sauya shi zan yi.”

“Mahauci ma haka yake ce wa akuya. In an ɗauke wuta, layina yana aiki, don batirinsa a nan yake. Akwatin naki fa?”

“Yana da batirinsa.”

“Na awa nawa?”

“Huɗu.”

“To a awa ta biyar sai mai naƙuda ta yi haƙuri ke nan.”

Injiniya ta gyara tabarau, ta ce za ta rubuta wannan a rahotonta, kuma ta rubuta. Amma ita ma ba kanwar lasa ba ce. Ta ce masa rajistarsa ta fi kama da littafin mafarki, rabin abin da ke ciki babu shi a shinge, rabin abin da ke shinge babu shi a ciki. Ya ce rajistar tana kansa. Ta ce to kamfani ba ya iya ajiye kansa a durowa in ya yi ritaya. Ranar bai sha shayinsa ba don haushi.

Daga nan aka shiga zaman doya da manja. In ta tambaye shi layin asibiti, sai ya nuna mata shingen gaba ɗaya ya ce yana ciki. In ta kira taron koyar da sabon tsari, sai ciwon baya ya tashi. Ita kuma ta daina ce masa Baba, ta koma “Malam”, tana jan kalmar kamar tana cire ƙaya. Ta sa aka kwashe tsaninsa mai taya aka kai sito. Ya sa aka dawo da shi. Ta sa aka sake kwashewa.

Sau uku tana ajiye masa wata takarda a tebur ta ce ya karanta ya cike kafin ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Ta farko ya goge filaya da ita. Ta biyu ya ɗora kofin shayi a kai. Ta uku ya ninke ta ya tokare ƙafar teburin da ke girgiɗi, a gaban idonta, har yana gwada teburin yana cewa ai ga amfaninta. Ko layi ɗaya bai karanta ba.

Ba wai bai damu da layin Yaya ba. Abin yana cin sa kamar tsatsa. Sai dai ya gwammace komai da ya tsaya gaban yarinyar nan ya ce ya yi satar layi, ta taimake shi. Kuma yana da abin da ya dogara da shi. Sau biyu a baya an zo da irin wannan hayaniya, aka yi taruka, aka manna takardu a bango, aka watse ba a taɓa ko waya ɗaya ba. Ya sa a ransa wannan ma haka za ta ƙare.

Kullum da azahar baƙar tarhon takan yi ƙara, ya juya wa ɗakin baya ya ɗauka.

“Auta, ka ci abinci?”

“Na ci, Yaya.”

“Ƙarya kake, na ji a muryarka. Yaushe za ka zo?”

“Aiki ya yi yawa. Sai an kwana biyu.”

“Kwana biyun naka ya fi na kowa tsawo.”

Wannan karon ba a watse ba. Unguwa bayan unguwa aka raba akwatuna, fitilun tsohuwar na’ura suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ɗakin da ya saba da ƙas-ƙas ɗin haɗa kira ya yi tsit. Ranar wata Asabar da hantsi ’yan kwangila suka zo da manyan almakasai da buhuna. Manaja ma ya sauko don a yi a gabansa. Kunne ya tsaya jikin teburinsa ya harɗe hannu yana kallon ana datse aikin shekara talatin ana cusawa a buhu, babu wanda ya saurari ko ɗaya.

Can sai Injiniya ta ce a dakata. Ta zagaya bayan shingen da na’urar awo, ta jima, ta fito.

“Akwai layi ɗaya a can ƙasa mai wuta a jikinsa. Babu shi a rajista. Malam, na wane ne?”

Manaja ya juyo. ’Yan kwangila suka tsaya.

“Matacce ne,” in ji Kunne.

“Matacce mai wuta?”

“Na ce miki matacce ne. Kin fi ni sanin ɗakin nan?”

“A’a, wane ni.” Ta ɗauki filayarsa daga tebur ta miƙa masa. “Tun da naka ne ɗakin, yanke shi da hannunka.”

Ya karɓa, ya zagaya, ya durƙusa. Ya sa wayar tsakanin haƙoran filaya. Da ya matse da an wuce wurin, ya yi ritayarsa da mutunci. Amma hannun da ya shekara talatin da ɗaya bai taɓa yanke waya ba tare da saurare ba ya ƙi. Kafin ya ankara ya ciro wayar gwaji ya maƙala. A daidai lokacin baƙar tarhon ta teburi ta ɗauki ƙara, a ɗakin da aka ce babu sauran layi mai rai. Muryar kuwa ta fito ta wayar gwajin, kowa ya ji.

“Auta? Yau tun safe nake jin wani ƙaras-ƙaras a wayar. Lafiya kuwa?”

“Lafiya lau, Yaya. Ajiye, zan neme ki.”

Ya miƙe. Bai sunkuyar da kai ba, shi ba ya cikin masu yin haka. Ya ce layin yayarsa ne, makauniya ce, shi ya ja shi shekara tara da suka wuce, wanda zai kore shi ya kore shi.

Manaja ya buɗe baki, Injiniya ta riga shi. Ta je ta ɗaga ƙafar teburin, ta zaro takardar nan da ya tokare da ita, ta warware ta, ta manna masa a ƙirji.

“Karanta. Da ƙarfi.”

Ya karanta. An rubuta cewa duk wani layi na musamman, na asibiti, ko na tsoho, ko na mara lafiya, ko da babu shi a rajista, a rubuta shi a nan, za a mayar da shi sabon tsari, kuma ba za a tuhumi kowa ba.

“Don irinku aka yi ta,” in ji Injiniya a fusace. “Kowane tsohon ɗakin layuka da na shiga akwai irin wannan. Abin da ka ɓoye shekara tara, a ɗaga ta yi ƙara a wani wuri, aikin minti biyar ne a wurina. Har wayar aljihunka zan sa ta riƙa kira, ko kana gida. Sau uku na kawo maka. An rufe jerin tun Alhamis, igiyar wayar unguwarsu kuma jiya aka fara kwashe ta. Sai zagaye na gaba, nan da wata uku.”

“Ki bar wannan ɗin kawai.”

“In bar shi a jikin me? Shingen yau zai fita. Ni ka so ka kunyata, Malam. To ga shi nan.”

Manaja ya ce maganar hukunci a bar ta, wannan ma ya isa. Wani ɗan kwangila ya matso da almakashi, Kunne ya daka masa tsawa ya ja da baya. Ya koma ya durƙusa, ya sake maƙala wayar gwaji, ya saurara ya tabbatar ta ajiye, sannan ya yanke da kansa.

Bai yi wa kowa sallama ba, ya hau babur. A hanya sai da ya tsaya ya tambayi wani mai faci kwanar gidan, don an yi sababbin gine-gine, an kuma sauya launin ƙofar. Ya tura ya shiga. Tsakar gidan shiru, shanya na kaɗawa a igiya. Ƙofar ɗakinta a buɗe take.

Tana zaune a bakin gado, ta rame fiye da yadda ya san ta, gashinta ya yi fari fat. Kan tarhon yana kunnenta, ta riƙe shi da hannu biyu saboda rawar. Ta ajiye, ta sake ɗagawa, ta saurara.

“Auta? Auta, kana ji na?”

Ya tsaya a bakin ƙofa, filayar har yanzu tana aljihunsa.

“Ina jin ki, Yaya.”

Ba ta juyo ba. Ta ƙara danna tarhon a kunnenta, fuskarta ta washe.

“Yauwa, ga ka nan. Ɗaga murya mana, yau kamar daga nesa kake magana.”