Jerin Sarakunan Gidan Shekari

Malam Othniel Shekari malamin tarihi ne a wata sakandare a Samaru, kuma tebur ɗaya muke rabawa da shi a ɗakin malamai. Mutum ne mai bin diddigi har abin yakan ba ni haushi. Ka ce masa an yi ruwa jiya, sai ya tambaye ka wa ya gani. Irin wannan mutum Allah ya jefa a gidan da ake taƙama da jinin sarauta.

Mahaifinsa, Baba Shekari, tsohon mai wa'azi ne a Dogarawa. Yana saurayi ya shiga addinin Kirista, dangi suka juya masa baya, ya bar ƙauyensu ba gona ba akuya. Abin da ya fito da shi a kansa yake: jerin sunayen sarakunan Zazzau na dauri, tun daga na farko, wanda ubansa ya koya masa ya ce kakanninsu ne. Duk biki, duk suna, sai Baba ya miƙe ya zubo su tiryan-tiryan yana buga cinya da tafin hannu, 'ya'ya da jikoki suna ta kumbura.

A shekarar 2003 wani dattijon majami'a, Bernard, ya ce a gaban mutane kowa ya kwana biyu a birni sai ya zama ɗan sarki. Baba bai ci tuwon ranar ba. Ya kira Othniel.

"Kai da na kai jami'a ka karanta tarihi, je ka binciko, ka zo ka rufe masa baki."

"To, Baba."

Da murna ya tafi, ni shaida ne. Ya ɗauki muryar tsohon a kaset, ya yi ta zarya a ɗakin karatu na jami'a, yana gwada jerin Baba da wanda masana suka tattara. Suka zo daidai, suna bayan suna. Daidaiton ne ma ya tayar masa da hankali. Jerin Baba bin sarauta yake yi, ba bin haihuwa ba. A ciki akwai wa, sai ƙane ya biyo shi, sai wani daga wani gida dabam. Ina mutumin da wa ya haife shi, ƙane kuma ya haife shi? Wannan lissafin waɗanda suka hau gado ne ɗaya bayan ɗaya, babu wanda zai kira shi salsalar gida guda.

Sai wani malaminsa na da ya sa masa tsohon faifan makaɗan fada. Othniel ya ce min jerin nan ne suke rerawa. Bugun gangar shi ne bugun cinyar Baba, har inda ake tsayawa a ja numfashi. Kakanninsa ba su hau gadon sarauta ba, a ƙofarta suka tsaya suna kiɗa. Riƙe sunayen sarakuna sana'arsu ce. Wani kaka ya ajiye ganga, jerin ya zauna a bakin 'ya'ya, har aka manta dalilin haddace shi.

Na ce masa, "To, mene ne? Gidanku ne ya riƙe tarihin ƙasa ɗaruruwan shekaru ba tare da takarda ba. Abin alfahari ne."

Ya dube ni ya ce, "Je ka faɗa wa Baba shi ɗan maroƙa ne."

Na san yadda muke. Muna son waƙar, muna raina mai yinta.

Gaba kura, baya siyaki. Ya faɗi gaskiya, ya ƙwace wa tsoho abu ɗaya tak da ya fito da shi daga gidan ubansa. Ya yi ƙarya, ya ci amanar aikin da yake koya wa yara kullum. Sai ya bi ta tsakiya. A harabar majami'a, a gaban Bernard, ya ce, "Na gwada jerin Baba da na masana. Ko suna ɗaya bai kuskure ba."

Mata suka yi guɗa. Baba ya yi kuka. Othniel ya zaci ya tsira, ashe ƙofa ya kulle wa kansa. Daga ranar ya zama hujjar gidan. Duk wanda ya yi gardama sai a ce, "Je ka tambayi malamin tarihi." Abin ya ci shi, ya rame, ya daina yi min gyara idan na ba da labari, har na fara kewar haushin da yake ba ni.

Ina tsammanin jira yake tsohon ya cika ya sauke nauyin. Amma a gadon asibiti Baba ya kama hannunsa a gaban dangi duka.

"Kai za ka riƙe shi. Ka koya wa ɗanka. Ka yi min alkawari."

Ya yi.

A 2008, bayan rasuwar Baba, aka yi bikin Tabitha, ƙanwar Othniel, a Zabi. Othniel ya miƙe a tsakiyar taro cikin babbar riga ya fara jero sunayen, kuma wallahi ya fi ubansa murya. Wani ɗan kasuwa daga unguwar PZ, Kehinde, abokin ango, wanda bai san labarin gidan ba, ya ji daɗin abin. Ya taso yana rangaji, ya zaro sabuwar takardar naira ya liƙa masa a goshi.

Wuri ya yamutse. Gwaggonsa Bibiana ta taso tana faɗa.

"Kai, ba ka da hankali? Ɗan sarki ake yi wa liƙi kamar maroƙi?"

Ta kai hannu za ta cire kuɗin, Othniel ya riƙe hannunta a hankali.

"Bar shi, Gwaggo. Ban gama ba."

Ya ci gaba daga sunan da ya tsaya, takardar tana manne da gumin goshinsa, hawaye na zuba. Dangi suka ce tuna ubansa ya yi.