Nauyin Ragunan Baba

Baba ya ce shekara ɗaya zai ba ni a jami'a, in ya ga amfani in ci gaba, in bai gani ba in dawo gida. Dillalin tumaki ne, mutum mai magana ɗaya, ni kuwa kowa a unguwarmu ta Chagoua ya san taurin kaina nasa ne.

Da aka yi hutu ya ɗora mini jarrabawarsa. Wani mai gidan abinci yana son ya riƙa karɓar raguna a hannunsa, amma sai an gaya masa kilo nawa na nama rago ɗaya ke bayarwa. Na bi mahautan da ke yanka dabbobinmu, na auna 'yan kaɗan, na yi lissafi yadda aka koya mana.

"Baba, matsakaicin nauyin yana tsakanin kilo sha huɗu da sha tara."

"Wanne ne a ciki?"

"Ba zan iya cewa ba. Ba duka na auna ba. Amma irin wannan lissafi, in an yi shi sau ɗari, wajen casa'in da biyar zai kama gaskiya."

Ya dube ni sama da ƙasa. A kasuwar dabbobi ba a faɗin lamba biyu. Ka ce tsakanin kaza da kaza, mai saye ya cafke ta ƙasa, sauran dillalai su yi ta yi maka dariya har mako ya zagayo.

"Shekara guda a fak, wai jami'a, abin da aka koya miki ke nan, ƙila-wa-ƙala? Kalas, shi ke nan, ki zauna gida."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da na ce masa sha shida da magana ta ƙare, Inna ma ta yi ta ƙifta mini ido. Na ƙi. Abin da na sani shi ne, in awo ya yawaita tazarar tana tsukewa.

Na ari sikeli mai ƙugiya, kullum da safe in hau babur zuwa wajen mahauta. Suna tsokanata, wai ga likitar matattun raguna ta iso. Mayafina ya yi ƙarnin da sabulu ya kasa fitarwa. Na ci gaba da rataya nama ina rubutawa har hutu ya kusa ƙarewa.

"Sha shida zuwa sha bakwai," na ce masa.

"Har yanzu biyu ne."

"Biyu za su zauna, Baba. Ko ka hana ni komawa ba zan mayar da su ɗaya ba, don ƙarya ce."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya juya wajen Inna.

"Wanda aka matsa wa haka bai sauya magana ba, ba a zaunar da shi a gida. Yaushe ne rajistar tasu?"